Jaruman da Aka Hana Tsufa

Masu karanta mujallun zane na Amurka suna da wata magana da suka daɗe suna yi wa juna cikin raha: a duniyar jarumai duk wanda ya mutu zai tashi, ban da mutum uku, Bucky da Jason Todd da Baffa Ben. Bucky shi ne yaron Captain America, wanda aka ce jirgi mai ɗauke da bam ya tarwatse da shi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Jason Todd shi ne Robin na biyu, ɗan rakiyar Batman. Baffa Ben kuwa shi ne dattijon da ya riƙi Spider-Man tun yana maraya, ɓarawo ya harbe shi a fitowar farko ta labarin, a 1962. An yi shekaru maganar tana nan daram. Sai ga shekarar 2005. A kamfanin Marvel, marubuci Ed Brubaker ya tono Bucky, ya ce ashe Rashawa ne suka tsamo shi daga teku, suka sa masa hannun ƙarfe, suka mayar da shi makashinsu na ɓoye mai suna Winter Soldier. A kamfanin DC kuma, a shekarar nan dai, Judd Winick ya dawo da Jason Todd sanye da jar hular kwano. Mutum uku suka koma ɗaya. Shi ma Baffa Ben abin da ya hana a taɓa kabarinsa shi ne, ranar da ya tashi, dalilin da ya sa Spider-Man ke shawagi a saman gine-ginen New York ya rushe.

Duk wanda ya daɗe yana bin waɗannan labarai ya haddace yadda abin ke tafiya. A kashe jarumi, a yi makoki na wata takwas ko shekara biyu, wani ya gaji kayansa, sannan mai abu ya dawo ya karɓi abinsa. A sake masa sutura, masoya su yi ca, a mayar da tsohuwar. A aurar da shi, a dawo a nemi hanyar kashe auren. Masoyan sukan yi ta ƙorafi a kan haka kamar wata cuta ce da ta ɓullo jiya. Alhali zagayen ya girmi kakanninsu. Abin da ya sauya shi ne mai karatu: da can ba ya zama har ya ga an kewayo.

Lokacin da Superman ya fara fitowa a mujallar Action Comics ta watan Yunin 1938, santi goma ake sayar da ita. Samari biyu 'yan birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙirƙiro shi, suka kuma sayar da haƙƙinsa ga kamfanin da ke buga mujallar a kan dala 130. A teburin mai jarida da shagon alewa ake samun mujallar, an buga ta a takarda mafi araha, wadda ke yin ja tana karyewa bayan 'yan shekaru. Yaro ya karanta, ya yi musanya da abokinsa, uwa ta share ɗaki ta zubar. Da yaƙi ya zo ma, tara tsofaffin takardu aka yi ta yi ana sake sarrafawa. Shi ya sa kwafi ɗaya na wannan fitowar ya tashi dala miliyan 6 a gwanjo a 2024: ba wanda ya ga dalilin adanawa. Editocin wancan zamani lissafinsu a fili yake. Yaro yakan shigo wajen shekara takwas, ya fita idan ya fara tashen balaga, wasu su maye gurbinsa. Mort Weisinger, wanda ya riƙe mujallun Superman har zuwa 1970, ya yi suna wajen ɗauko labarin da aka taɓa bugawa, a ɗan sake masa fasali, a sake sayarwa. Wa zai kama shi? Waɗanda suka karanta na farkon suna can sun kama aiki.

Tsarin bai da bambanci da tatsuniyar Gizo. Yau a kama shi a gonar sarki a lakaɗa masa duka har ya kasa tashi, gobe da dare a sake cewa ga ta nan ga ta nanku, ga shi garau yana ƙulla sabuwar dabara, kuma babu yaron da zai tambayi inda tabon jiya ya tafi. Malamin nan na Italiya, Umberto Eco, ya yi nazari a kan Superman tun a shekarun 1960, ya nuna cewa dole kowane labarinsa ya ƙare a inda ya fara, domin duk abin da jarumi ya aikata wanda ya bar tabo, taku ne zuwa tsufa, tsufa kuma hanyar mutuwa ce. Sai dai tatsuniya ba ta da lamba a bango. Mujalla kuwa tana da ita: fitowa ta 27, ta 121, ta 300. Lamba alkawari ce cewa na yau ci gaban na jiya ne, kuma wata rana sai an zo karɓar wannan bashi.

Suturar ma ba daga sama ta faɗo ba. Matsattsen kaya mai bin jiki, da gajeren kamfai a kan dogon wando, da ɗamara da dogayen takalma, shiga ce ta ƙartin da ke ɗaga ƙarfe a dandalin wasanni a shekarun 1920 da 1930. Wanda ya ga Superman a 1938 ya ga abin da ya sani: ga mai nuna ƙarfi nan. Ga mai zane kuma, wanda ake biya bisa yawan shafi, kaya mai bin jiki sauƙi ne, jikin mutum kawai zai zana ya ja layi a wuya da wuyan hannu. Launi kuwa injin ɗab'i ne ya yi umarni. Tawada huɗu ake aiki da su, launukan da ake iya haɗawa ba su wuce 64 ba, kuma ja da shuɗi da rawaya ne ke fita tas a kan takarda mai shan tawada. Sai jarumai suka kwashe su, aka bar wa mugaye kore da shunayya. Dubi Joker, dubi Green Goblin, dubi sulken Lex Luthor. Mutane sun rubuta dogayen bayanai a kan ma'anar waɗannan launuka, alhali rabin amsar tana ɗakin ɗab'i. Hulk ma ruwan toka aka yi shi a fitowar farko a 1962; launin ya ƙi zama daidai daga shafi zuwa shafi, sai aka mayar da shi kore a fitowa ta biyu. A tsakiyar shekarun 1980 aka dawo da mai ruwan tokar, aka ce ai wani ɓangare ne na halinsa da ya ɓuya. Matsalar inji ta zama tarihi.

Irin waɗannan gyare-gyare na farko su ne suka zauna, kuma ba wanda ya yi zanga-zanga a kansu. Garkuwar Captain America mai kusurwa uku ce a fitowar farko ta 1941, wadda a bangonta yake naushin Hitler. Wani kamfani ya yi ƙorafi cewa ta yi kama da ta jaruminsu, sai Joe Simon da Jack Kirby suka mayar da ita zagayayyiya a fitowa ta biyu, ta zama abin jifa, ta zama shi kansa Captain America. Iron Man ya fara da sulke ruwan toka mai kama da tukunyar jirgi a 1963, kafin shekarar ta fita Steve Ditko ya sirantar da shi ya yi masa ja da ruwan zinariya. Daredevil da rawaya ya fito a 1964, Wally Wood ya rina shi ja a fitowa ta bakwai. A lokacin siffar ba ta daskare ba, ba a kuma fara buga ta a jikin rigunan yara da kwanon abincin makaranta ba.

Marvel ce ta fara biyan bashin lamba da gaske. Daga 1961, Stan Lee da Kirby da Ditko suka bar agogo ya yi tafiya. Peter Parker, wato Spider-Man, ya gama sakandare a 1965 ya shiga jami'a. A shekarar nan Reed Richards da Sue Storm na Fantastic Four suka yi aure, a 1968 suka haifi Franklin. A 1973 budurwar Peter, Gwen Stacy, ta mutu a hannun Green Goblin, jarumin ya kasa cetonta, abin da ba a saba gani ba. Masu karatu suka ji kamar mutanen nan tare suke girma da su, kuma wannan ne ya sa ɗaliban jami'a suka ci gaba da sayen abin da a da sai yara. Amma da kamfanin ya ga kadarar da ke hannunsa, sai ya taka birki. Ana danganta wa Stan Lee umarnin da ya ba marubutansa, cewa abin da ake so shi ne mai karatu ya ga kamar an sauya, ba a sauya ɗin ba. Franklin da aka haifa a 1968 har yau bai kai shekara ashirin ba. Iron Man a Vietnam ya ji raunin da ya sa ya ƙera sulke. Da shekaru suka ja, aka matsar da yaƙin zuwa Afghanistan, kamar yadda fim ɗin 2008 ya nuna. Yaƙi ake canzawa don kada mutum ya tsufa. Magneto na X-Men ne ya zame musu ƙarfen ƙafa, tunda labarinsa ya ɗaure da kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, ba a iya matsar da wannan, sai dai a yi ta neman dabarar mayar da shi saurayi.

A daidai wannan lokaci ne mai karatu ya daina tafiya. Edita Julius Schwartz na DC ya fara buga wasiƙun masu karatu da cikakken adireshi, sai masoya suka gano juna, suka fara rubuta wa juna, suna buga 'yan ƙananan mujallunsu. A 1970 aka yi taron masoya na San Diego na farko, wanda yanzu ya zama kasuwar baje kolin Hollywood. A shekarun 1970 kuma aka fara kai mujallu kai tsaye shagunan da ba su sayar da komai sai su. Yaron da ke zuwa sayen alewa ba ya shiga irin wannan shago. Mai shiga shi ne babban mutum mai albashi, mai akwatunan tsofaffin fitowa a leda, wanda zai iya gaya maka a wane shafi aka saɓa wa abin da aka faɗa shekara goma sha biyar baya. Daga cikin waɗannan masu wasiƙa aka samu marubuta irin su Roy Thomas da Marv Wolfman. Jim Shooter yana ɗan shekara 14 ya fara sayar wa DC labari. Jean Grey ta X-Men ta mutu a 1980 a wani labari da har yau ake yabo, kuma dabarar da aka bi aka tashe ta bayan shekara biyar da 'yan watanni, daga kan wani mai karatu ta fito, Kurt Busiek, wanda daga baya shi ma ya zama babban marubuci.

A nan, a ganina, bakin zaren yake. Kowane rukuni na masu karatu yana da shekarun da ya ɗauka su ne daidai, galibi lokacin da yake ɗan shekara goma zuwa sha uku. Bayan shekara ashirin, wasu daga cikinsu sun hau kujerar edita da ta marubuci, kuma aikinsu na farko shi ne su mayar da ɗakin yadda suka same shi. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A wannan sana'a, mai tuna bara shi ke riƙe da alƙalami.

Labarin Flash ya isa misali. Na farko, Jay Garrick, ya fito a 1940 da hular ƙarfe mai fukafukai. A 1956 aka ƙirƙiro sabo, Barry Allen, da jan kaya mai tambarin walƙiya, ba wanda ya tada jijiyar wuya don Jay, domin masu karanta shi sun watse. A 1985, cikin babban labarin nan mai fitowa 12, Crisis on Infinite Earths, wanda Wolfman da George Pérez suka yi don share tarin duniyoyin DC su zama ɗaya, Barry ya mutu yana ceton kowa. Yaronsa Wally West ya gaji jan kayan. Nan aka yi abin da ba a cika yi ba: aka bar shi ya girma. Ya fara da jin bai kai maigidansa ba, ya yi ta fama har ya wuce shi, ya auri Linda Park, suka haifi tagwaye. Sama da shekara ashirin, Flash ɗin da yara suka sani, har a zanen talabijin, Wally ne. Sai a 2008 aka dawo da Barry, a 2011 kuma da DC ta rushe komai ta fara mujallu 52 daga lamba ta ɗaya, aka goge Wally gaba ɗaya kamar ba a taɓa yin sa ba. Masoyansa suka yi ta kuka har aka dawo da shi a 2016. Wato kowane ɓangare ya samu nasa, kuma gadon da aka yi shekara ashirin ana ginawa ya tashi a banza. Haka aka yi wa Green Lantern: Hal Jordan ya haukace a 1994, Kyle Rayner ya karɓa, bayan shekara goma marubuci Geoff Johns ya wanke Hal ya ce wani mugun abu ne ya shige shi.

Masoyan kuma ba za su ce hannunsu tsaf yake ba. A 1988 edita Denny O'Neil ya ba su zaɓi a kan Jason Todd, wanda da yawa ke ganin yaro ne mara kunya da bai cancanci kayan Robin ba. Joker ya jibge shi da sandar ƙarfe a Habasha ya bar shi a ɗaki da bam. Aka buga lambobin waya biyu, kowane kira santi hamsin: wannan ya rayu, waccan ya mutu. Mutuwa ta ci da ƙuri'a 5,343, rayuwa ta samu 5,271. Tazarar 72 kacal. Shekara guda bayan haka aka kawo Robin na uku, Tim Drake, domin Batman ba ya sayuwa yadda ake so ba tare da yaro mai jar riga a gefensa ba.

Kamfanoni suka gane mutuwa haja ce. A watan Nuwamban 1992 aka kashe Superman a hannun wani dodo mai suna Doomsday. Jaridu da gidajen talabijin suka ɗauka da gaske, mutanen da rabonsu da mujallar zane tun suna firamare suka yi layi a ƙofar shaguna, wasu suna sayen kwafi goma goma a baƙar leda, da tunanin wata rana su ne za su biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a. An sayar da miliyoyi, kuma abin da aka buga miliyoyi kowa ya adana, ba ya tsada. Kafin shekara ta zagayo Superman ya tashi, da baƙaƙen kaya da dogon gashi har kafaɗa. Masu neman riba suka gane an yi musu sakiyar da ba ruwa, suka watse, shaguna da yawa suka rufe, Marvel kanta ta shiga kotun karyewar arziki a Disamban 1996. Suturar wancan zamani ma shaida ce ta zazzaɓin: kafaɗu kamar ƙofar gari, bindigogi da suka fi mai su girma, aljihuna jere a ƙugu da cinya waɗanda ba a taɓa ganin an ciro ko allura daga ciki ba. A 1997 har Superman aka mayar wani shuɗin mutum mai wutar lantarki, ba alkyabba ba kamfai, sannan aka raba shi biyu, ja da shuɗi, dabarar da ita ma daga wani labarin 1963 aka ɗauko. A 1998, cikarsa shekara 60, ya koma kayansa.

Duk wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne auren Spider-Man. A 1987 Peter Parker ya auri Mary Jane Watson, har aka shirya biki da 'yan wasa a filin Shea na New York, Stan Lee ya tsaya a matsayin mai ɗaura aure. Daga nan wasu editoci suka kasa barci. Hujjarsu ita ce Spider-Man labarin saurayi ne mai fama da kuɗin haya da 'yan mata, mai aure kuwa ya zama baba, yara ba za su ga kansu a jikinsa ba. Saki zai ƙara tsufar da shi, takaba ma haka. A tsakanin 1994 da 1996 suka gwada cewa Peter ɗin da aka sani ba na gaskiya ba ne, kwafinsa ne da aka haɗa a ɗakin gwaji, ga na ainihin nan mara aure mai suna Ben Reilly. Masu karatu suka ƙi, aka janye. A 2007, ƙarƙashin babban edita Joe Quesada, aka bi ta wata hanya: aka harbi Inna May, matar Baffa Ben, tana bakin mutuwa, wani shaiɗani mai suna Mephisto ya ce zai cece ta idan ma'auratan suka ba shi aurensu, a shafe shi daga tarihi. Suka yarda. Ka tuna ita Innar nan an taɓa kashe ta a 1995, aka dawo da ita a 1998 aka ce wadda ta mutu 'yar wasan kwaikwayo ce da aka yi wa gyaran fuska. Jarumin da duk tarbiyyarsa ita ce ɗaukar nauyin abin da ya aikata, shi aka sa ya yi ciniki da shaiɗan don ya kauce wa sakamako. Shekara ashirin na labari aka sadaukar, ba don labarin ya buƙaci haka ba, sai don kada kadara ta yi furfura. A 2024 Marvel ta fito da wata mujalla ta gefe, Ultimate Spider-Man ta Jonathan Hickman, inda Peter yake da shekara 35, da Mary Jane da 'ya'ya biyu, ta kuma yi kasuwa sosai. Babban layin labarin dai bai motsa ba.

Na Barbara Gordon ya fi wannan sarƙaƙiya. Ita ce Batgirl tun 1967. A 1988, cikin The Killing Joke, Joker ya harbe ta ta gurgunce, kuma labarin ma ba nata ba ne, an yi amfani da ita ne don a ƙuntata wa mahaifinta. Wanda ya zana littafin, Brian Bolland, tsofaffin masu karatu a Nijeriya sun san hannunsa ko da ba su san sunansa ba: shi da Dave Gibbons ne suka zana Powerman, baƙar fatan jarumin da ake bugawa don kasuwar Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970. Marubuta John Ostrander da Kim Yale ba su ji daɗin yadda aka yasar da Barbara ba, suka ɗauko ta a 1989, a kan kekenta na guragu, suka mayar da ita Oracle, gwanar kwamfuta wadda duk jaruman DC ke nema idan sun rasa bayani. Shekara 22 tana wannan matsayi, masu karatu naƙasassu suna ganin tasu ce. A 2011 aka miƙar da ita aka mayar mata da kayan Batgirl. Masu goyon baya suka ce ai Batman ma an karya masa baya a 1993 ya warke cikin shekara, don me mace ce kaɗai za ta dawwama a keke? Hujja ce mai ƙarfi. Amma DC tana da masu tsalle a kan rufi fiye da yadda take buƙata, Oracle kuwa guda ɗaya ce.

Idan aka duba sauyin da ya zauna, kusan duk a gefe ya faru, wurin da idon masu sayar da kayan wasa bai kai ba. Dick Grayson, Robin na farko tun 1940, ya cire gajeren wandonsa a 1984 ya zama Nightwing, bai kuma koma ba, saboda an samu wani yaron da zai sa kayan Robin. Suturar ce ba a yarda ta ɓace ba, wanda ke ciki ana iya canza shi. Baƙin kayan Spider-Man na 1984 daga wasiƙar wani mai karatu ya samo asali, Marvel ta sayi dabarar a kan dala 220. Kaya ne mai kyan gaske, baƙi wuluk da farin gizo-gizo a ƙirji, wasu ma na ganin ya fi na asali. Duk da haka ba a bar masa shi ba. Aka ce ashe wata halitta ce mai rai, ta rabu da shi, a 1988 ta zama Venom, wanda yanzu yake da fina-finansa. Carol Danvers ta shafe shekaru tana yaƙi da abin da bai wuce kayan ninƙaya ba, sai a 2012 Jamie McKelvie ya zana mata cikakken kaya irin na matuƙan jirgin yaƙi ta zama Captain Marvel, ba wanda ya yi kewar na da sosai. Sunanta na baya, Ms. Marvel, ya koma kan Kamala Khan a 2014, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan daga Jersey City, wadda suturarta ta ɗauko doguwar riga da gyale daga shigar gidansu. Ita ma ba ta tsira daga al'adar gidan ba: an kashe ta a 2023, ta tashi cikin 'yan watanni.

Manyan kuwa ba a taɓa su a kwana lafiya. A 1968 aka raba Wonder Woman da ƙarfinta da kayanta, aka buɗe mata kantin tufafi tana koyon faɗan hannu. Gloria Steinem, 'yar gwagwarmayar 'yancin mata, ta sa hotonta da tsohon kayan a bangon mujallar Ms. a 1972, a 1973 aka mayar mata da komai. A 2010 aka sa mata dogon wando da 'yar jaket, shi ma bai daɗe ba. Fim ɗin X-Men na 2000 ya ji kunyar launi ya sa wa kowa baƙaƙen kayan fata, mujallun suka kwaikwaya a 2001, a 2004 suka koma kayan launi. Shi kuwa Hugh Jackman, mai fitowa a matsayin Wolverine, sai a 2024 ya sa rawayan kayansa, kuma wannan kaɗai ya isa talla. Jan kamfan Superman, wanda aka daɗe ana yi wa ba'a, an cire shi a 2011 aka ba shi kaya mai layi-layi kamar sulke da dogon wuya. Fim ɗin 2013 ma bai sa ba. Sai aka ga shuɗi ya zuba daga wuya har ƙafa babu abin da ya raba shi, zanen ya rasa tsakiya. Shuster ya san abin da yake yi. A 2018, a fitowa ta 1000 ta Action Comics, kamfan ya dawo, fim ɗin James Gunn na 2025 ma da shi ya fito.

Wanda yake son ganin jarumi ya tsufa da gaske, sai ya nemi inda labari ke hannun marubuci ɗaya. A Japan, Akira Toriyama ya fara Dragon Ball a 1984 da Goku yana yaro, kafin ya rufe a 1995 Goku ya yi aure ya haifi 'ya'ya har ya ga jika. Robert Kirkman ya fara Invincible a 2003, ya kai shi fitowa ta 144 a 2018, ya ajiye alƙalami. Superman da Spider-Man ba su da irin wannan gata. Mallakar kamfani ne, marubuci ɗan haya ne da zai zauna shekara uku ko biyar ya bar gida yadda mai zuwa zai iya shiga, kuma tun da Disney ta sayi Marvel a kan dala biliyan 4 a 2009, mujallar ta koma ƙaramin reshe kusa da fim da kayan wasa.

Dokar Amurka dai tana da nata agogon, wanda edita ba ya iya tsayarwa. Haƙƙin mallakar irin waɗannan ayyuka shekara 95 ne. A farkon 2034 Superman na 1938 zai fita daga hannun DC, Batman ya biyo baya a 2035. Kowa zai iya rubuta labarinsu, ya aurar da su, ya tsufar da su, ya binne su, muddin bai taɓa abubuwan da aka ƙara daga baya ba ko alamun kasuwancin kamfanin. Superman ɗin da za a saki ba ya tashi sama, tsalle yake yi, kuma mugayen da yake fama da su a lokacin su ne mai dukan matarsa da masu cin hanci a majalisa da dillalan makamai.